Kifin da Ba a Saye

An haifi Orrin Dahlke a wata gona yamma da garin Mankato, a gidan da ake tsimin magana kamar gishiri a shekarar yunwa. Ubansa in ya ce "to", ya gama hirar mako ke nan. Uwarsa ba ta taɓa jin an yaba girkinta ba. In abinci ya yi daɗi sai a miƙo faranti a ƙara, wannan shi ne yabon. Yaron ya tashi a haka, dogo, mai manyan kunnuwa, da hannu mai natsuwa. Soja suka ɗauke shi, suka koya masa zanen taswirar rediyo, suka dawo mana da shi yadda suka karɓe shi, sai dai gashin kai ya ragu.

Ya sami aiki a kamfanin Tollefson, masu ƙera na'urar auna danshin hatsi. Duk manomin da ke wannan yanki yana da ɗaya a rumbunsa, kuma duk wanda ya kai masara kasuwa aka rage masa farashi, ita yake zagi. A ɗakin zane aka ajiye Orrin, kusa da taga. Injiniya ya yi tunaninsa, ya zayyana shi a bayan takardar goge baki, ya jefo masa. Shi kuma ya mayar da wannan ƙazanta taswira mai tsabta: kowane ɗan sashe da alamarsa, kowane layi yana nuna wace ƙafa ce za ta haɗu da wace. Taswira dai ba ta ce ga hanya ba. Abin da take faɗa shi ne wane ne zai yi magana da wane. Fitar da hanyar a kan koren allon da ke cikin na'urar, da siraran layukan jan ƙarfe waɗanda ba a yarda su taka juna ba, wannan aikin Verna Oslund ne.

Teburinta yana fuskantar nasa. Gilashi ne da fitila a ƙarƙashi, ta shimfiɗa farar leda a kai, ta riƙe 'yar aska da siririn baƙin tef, tana liƙa hanyoyi ɗaya bayan ɗaya, tabarau a ƙarshen hanci. Bazawara ce, mijinta ya rasu tun tana da sauran ƙuruciya, ya bar mata gida mai baranda da kare wanda ya ƙi mutuwa. Gajera ce, bakinta kuma ya fi askarta kaifi.

To Orrin yana da hali. Abin da kowa ya sani, ba ya zana shi. Baƙaƙen sassan nan masu ƙafafu kamar kyankyaso, kowannensu yana bukatar wuta da layin ƙasa, wato ta inda wutar ke komawa, amma ba za ka ga wannan a taswirarsa ba, don wane mahaukaci ne bai san haka ba? Inda layi biyu suka gicciye, ƙa'ida ita ce a sa ɗigo in sun haɗu, a bar wurin fayau in wucewa kawai suka yi. Orrin yakan sa ɗigon ranar da ya ga dama. Wani lokaci ya ja kibiya ta nufi gefen takarda ta tsaya, kamar mutumin da ya fita sayen taba bai dawo ba. Duk wannan Verna ke cikewa. Ta san inda ya danna fensir da ƙarfi, layin yana ɗaukar wuta da yawa, sai ta faɗaɗa shi. Ta san inda ya goge ya sake, injiniya ne ya yi shirme shi kuma ya gyara bai gaya wa kowa ba. Takan ɗago kai ta kira shi malalaci, ta ce ranar da ta mutu kamfanin nan sai ya koma sayar da ƙwai. Shi kuma ya ce "to".

Masu liƙa hanya suna da al'adarsu tun kafin ta zo. Kowa yana ɓoye alamarsa a kusurwar allo, a cikin jan ƙarfen kansa, inda manaja ba ya dubawa. Tsohon da ta gada, hoton lofe yake sawa. Ita kifi take sawa, ɗan ƙarami kamar ƙwayar masara, da buɗaɗɗen baki. Ba ya haɗe da komai, ba ya aikin komai. Dubban rumbuna a jihar nan suna da kifin Verna a cikin akwatin ƙarfe, masu su ba su sani ba.

Cewa Orrin yana son ta, wannan ko karen ya sani. In dusar ƙanƙara ta sauka, motarta yake fara sharewa kafin tasa. Shi ke wasa mata aska. A liyafar coci, inda kowace mace ke kawo tukunyarta, shi kaɗai ke cin dankali da nama na tukunyar Verna, har ya ƙara, alhali matar nan ko ruwa ta dafa sai ya kama. Lorraine Petrich ta ofishin sayayya, wadda ba ta iya ganin abu ta bar shi, takan tare shi a wurin shan kofi ta tambaye shi ko jira yake sai an haɗa musu kabari ɗaya. Sai kunnuwansa su yi ja, ya ɗauki kofinsa ya koma taga. A lissafinsa babu abin faɗa. Kowa ya sani, ita ma ta sani, to me za a zana? Shekara ashirin da wani abu suka yi a haka, goshi da goshi, fitila a tsakaninsu.

Sai Gwen ta dawo daga jami'a. 'Yar mai kamfanin ce, a ƙarƙashin teburan nan ta yi rarrafe, Kawu Orrin take ce masa har ta girma. Ta zo da kwamfuta mai girman firji wadda ke fitar da hanyoyin allo da kanta. Kada wani ya ce yarinyar ta yi mugunta. Sabbin allunan hawa huɗu ne, hanya a kan hanya, kuma Verna da bakinta ta ce idanunta sun gaji, da yamma layi ɗaya biyu take ganinsa. Ma'aikata suka sa wa na'urar suna Fasto, don ba ta san ƙaramin zunubi ba, duka manya ne a wurinta.

Gwen ta zaunar da Orrin gaban gilashin ta karanta masa sharuɗɗa. Kowane sashe sai an ba shi suna da lamba. Kowace ƙafa sai an ƙirga ta. Kowane layi sai an ce daga ina zuwa ina. Sai an gaya wa na'ura siffar sawun da sashen zai bari a kan allo, faɗinsa da tazarar ramukansa. Ƙafar da ba a amfani da ita ma sai an sa mata alama cewa da gangan aka bar ta, ba mantuwa ba ce. Taswirarsa ta farko, Fasto ya amayo ƙorafi a takarda har ta zubo ƙasa. Ta biyu ya karɓa, ya fitar da hanyoyi tsaf kafin a tashi aiki, aka kai aka buga allo, aka haɗa, aka kunna, shiru kamar gawa. Ɗigo ɗaya Orrin bai sa ba, layi biyu suka wuce juna ba su gaisa ba.

Gwen ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Kawu Orrin, na'urar nan ba ta san komai ba fa. Ba ta san ka ba. Abin da ka faɗa mata shi ne kawai ya faru a duniya."

Mutane sun zaci tsohon zai ajiye aiki. Ina! Orrin shiru gare shi, ba wauta ba. Ya duƙufa, ya koya, kafin damina ta yi nisa ya zama ba wanda ya kai shi iya shirya wa Fasto taswira. Mutumin da bai taɓa cika jimla ba ya koma yana bin ƙafa ɗaya ɗaya, yana sa wa kowane layi suna, yana rubuta wa na'ura bayanin abin da jariri ma ya sani. Verna, wadda aka bari tana duba aikin na'urar kafin ta yi ritaya, tana kallonsa ta saman tabarau. Ta ce wa Lorraine ashe bakin yana aiki, wanda za a yi wa magana ne ba a samu ba sai da aka sayo shi da kuɗi.

A tsakiyar damina ta sanar da cewa in an gama girbi za ta sayar da gidan ta koma Tucson wurin ƙanwarta, inda ba a share ƙanƙara. A wurin shan kofi ta faɗa, tana kallon Orrin. Ya juya cokali a kofinsa ya ce "to". Washegari aka kafa allon sayarwa a ciyawar ƙofar gidanta, kuma ta nan yake bi kullum safe da yamma.

Ya rame. Ya san in ta tafi ta tafi, kuma ya san ba zai iya buɗe baki ba. Sai wata rana yana juya sabon allo a hannu ya lura kusurwar fayau take, babu kifi. Ya gwada zana shi a ƙarshen aiki, bayan na'ura ta gama. Da aka sake kunna ta don wani ɗan gyara, ta share shi, domin duk jan ƙarfen da ba shi da asali a taswira datti ne a wurinta. Ya sake, ta sake sharewa. Nan ya gane ƙa'idar: abin da ke cikin taswira shi kaɗai ke rayuwa.

Sai ya ƙirƙiro sashe. Ya ba shi suna da lamba irin na sauran. Ya yi masa ƙafa biyu, ya ƙirga su, ya haɗa dukkansu da layin ƙasa don kada Fasto ya ce an bar maraya. Wurin siffar sawu kuma ya zana kifi, ɗan ƙarami, da buɗaɗɗen baki. Aiki ne mai kyau, babu abin da ya rage. Na'ura ta karɓa ba tari, ta ajiye kifin a kusurwa, har ta kewaye shi da hanyoyi cikin ladabi. A zuciyar Orrin magana ta ƙare: Verna za ta ga kifinta ta gane, kamar yadda ta saba ganewa. Abin da bai lissafa ba shi ne Verna ta daina duba kusurwa. Me za ta nema a can? Hankalinta yana kan kwalaye da wanda zai sayi injin wankinta.

Akwai kuma abin da ya manta, irin mantuwar mutumin da ya yi shekaru yana miƙa takarda ga teburin gabansa kawai. Fasto ba hanya kaɗai yake fitarwa ba. Daga taswirar nan yake gaya wa ofishin sayayya abin da za a sayo. Sabon sashen ya sauka a teburin Lorraine tare da 'yan'uwansa.

Lorraine tana da abin alfahari guda a duniya: ba a taɓa ba ta lamba ta kasa samo kayan ba. Ta buɗe littattafan dillalai, babu. Ta buga waya Chicago, ta buga Dallas, ta buga California inda ake amsa waya kamar an tashi daga barci. Wani dillali a Texas ya rantse mata yana da shi, sai dai ya ƙare, amma jirgi na hanya. Ba ta tambayi ɗakin zane ba, don tambaya a wurinta faɗuwa ce. Ƙa'idar ɗakin haɗi kuwa, inda ake dasa sassa a kan allo, ita ce ba a fara aiki sai kaya sun cika. Alluna suka taru a kan tebura, mata masu haɗi suka zauna suna saƙa, masara a gona tana bushewa, dillalan na'ura suna kira suna tambayar ina kayansu. Orrin yana jin ana cewa wani sashe ya yi wuya, yana girgiza kai tare da kowa. Bai taɓa kawowa a ransa nasa ba ne, don shi a saninsa ba sashe ya yi ba, kifi ya yi.

Ranar Juma'ar ƙarshe ta Verna a wurin aiki aka kawo kek mai lemun tsami, aka taru a wurin shan kofi da hantsi. Kafin a yanka, Gwen ta shigo da taswira a hannu ɗaya, allo a ɗaya, Lorraine a bayanta fuska kamar hadari. Gwen ta ce ta bi taswirar nan sama da ƙasa, ta ga sashe mai ƙafa biyu duka a layin ƙasa, kuma duk karatun da ta yi bai gaya mata amfanin irin wannan ba. Ta tambayi Kawu Orrin me sashen yake yi.

Ya ce ba ya yin komai.

Lorraine ta tambaya a ina ake sayar da shi. Ya ce ba a sayarwa. Ta ajiye wuƙar kek a hankali, abin da ya sa na kusa da ita suka ja baya. Gwen ta ɗauki gilashin ƙara girma ta duba kusurwar allon, ta daɗe, sannan ta miƙa wa Lorraine.

Lorraine ta ce, "Kifi. Orrin Dahlke, tsohon banza, kifi na yi makonni ina nema a Texas? Har wani ɗan iska ya ce min yana cikin jirgi?"

Dariya ta so ta ɓarke, amma Verna ta miƙo hannu a ba ta allon, sai kowa ya haɗiye tasa. Ta gyara tabarau, ta kai shi kusa da taga. Ta ce wutsiyar ta karkace, nata bai taɓa karkacewa haka ba. Sannan ta tambaye shi me ya sa ya saka shi.

Kunnuwansa sun yi ja har wuya. Ya ce, "Kin sani."

Ta ce, "Na sani mana. Tun kafin ka sani na sani. Shekara ashirin ana biyana in cike abin da ka bari, na cike. Wannan ba ya cikin aikina." Ta nuna ɗakin da kwamfutar take da haɓa. "Waccan aba mai girman firji ka zauna ka lallashe ta, ka gaya mata komai ƙafa da ƙafa, har abin da ka bari da gangan sai da ka yi mata bayani. Ni ban kai ta ba?"

Mata masu haɗi sun ajiye saƙa. Orrin ya dubi kofinsa, ya dubi ƙofa, ya ga Lorraine ta tsaya a bakinta da gangan. Sai ya ajiye kofin, ya miƙe tsaye, ya yi magana da muryar da yake karanta lambobi.

"Verna Oslund. Kada ki tafi Tucson. Ina son ki, tun shekarar da rufin ɗakin zane ya yi yoyo aka matso da teburinki. Ina so ki aure ni. Ban faɗa ba, kuma ba da gangan na bari ba, kasawa na yi."

Ta saurara kamar mai duba taswira. Ta ce ya bar layi ɗaya a buɗe: a wane gida? Ya ce nata, nasa babu wurin kare. Ta ce za ta yi tunani, a yanka kek ɗin nan kafin ya bushe. Lorraine ta yanka, ta ba kowa, ta ba Orrin mafi ƙanƙanta.

Da rana aka fara haɗa alluna. Na'urorin sun isa rumbuna a makare kaɗan, manoma suka zage su kamar kullum. Ranar Litinin Orrin ya bi ta ƙofar gidan Verna ya ga babu allon sayarwa, sai ramin da ya bari a ciyawa. Aka ɗaura aure a kotun gunduma bayan girbi, Lorraine ce shaida, ta sa hannu tana gunaguni.

Kada a ɗauka ya ci riba duka. Tucson dai an je ta. Duk hunturu, da ya yi ritaya, Verna ta tusa shi a mota da kare su nufi kudu, ya zauna a barandar ƙanwarta cikin zafi yana kewar tafki mai ƙanƙara da ramin da ake hudawa a cikinta a kama kifi. Girkinta kuma ya koma cinsa sau uku a rana maimakon sau ɗaya a wata. Bayan waccan Juma'a ya koma gidan jiya, "to" da "to". In an tambayi Verna ko ya ƙara faɗa, takan ce a'a, kuma ba ta nema ba, don wancan ɗin cikakke ne, babu ƙafar da ba a ƙirga ba. Ya riga ta barin duniya, a kujerarsa, bayan abincin rana, bai yi sallama da kowa ba.

Gwen ba ta cire sashen ba. Ta ƙara masa layi ɗaya a bayaninsa: ba a saye, ba a haɗawa. Masu zane kuwa ba sa fara taswira daga farar takarda, tsohuwa suke kwafa su gyara, don haka kifin ya bi ta cikin kowace sabuwar na'ura, ya wuce Fasto, ya wuce na'urar da ta gaje shi, ya wuce ranar da aka sayar da kamfanin ga wasu mutanen Ohio. Lokaci-lokaci wani sabon injiniya yakan gano sashe mai ƙafa biyu a layin ƙasa, ya kai hannu zai goge, sai na kusa da shi ya ce ya bari, ba a san abin da yake riƙewa ba.

An taɓa kai wa Verna ɗaya daga cikin sabbin allunan a gidan tsofaffi, ana zaton za ta yi hawaye. Ta sa a kawo mata gilashin ƙara girma, ta juya shi wajen haske, ta daɗe tana kallo. Ta mayar wa mai shi ta ce har yanzu wutsiyar a karkace take.